Wai Hausata ta Kano ce

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Hajiya da yara, yaya ƙafar Inna? Mu nan Matameye sai godiya, hatsi ya fara fid da kai.

Ka san fadar shayin da mu masu fassara muke zama duk Asabar. Ƙa'idarmu, wanda ya ji labarin aiki ya faɗa gaban kowa, kuma ba a kushe ɗan'uwa gaban baƙo. To, makon jiya na kawo wata mata daga Damagaram, tana neman mai juya mata saƙonnin noma daga Faransanci zuwa Hausa, ya karanta a rediyo. Da na so, da na rufe bakina.

Ban gama gabatar da ita ba, sai Habu, wanda ni na fara kawo shi fadar, ya ce: "Madam, Hausar Lawali ta Kano ce, can yake cin rani. Manoman Kurni ba za su yarda da muryarsa ba."

Ni da aka yanke wa cibi a Dungu! Wallahi Yaya, shirun sauran ya fi maganar Habu ƙona mini rai. Kowa ya sunkuya yana kallon kofinsa. Aikin ya koma hannun Habu.

Yau Asabar ba wanda ya leƙo ni. Butar shayi kawai suka aiko a karɓa, don tawa ce.

Ka sa ni a addu'a, Allah ya sanyaya mini zuciya. A gaida Inna da mutanen gida duka.

Ƙaninka,
Lawali