Kada Ku Fitar da Isuhu daga Gidan Jadid

Zuwa ga Shugaba da dattawan gidanmu na 'yan Nijar a unguwar Jadid, Sabha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ni ne Haruna magini, ɗan Damagaram, wan Isuhu. Tun ranar Talata da kuka ce Isuhu ya bar gidan nan kafin Juma'a, na kasa zaune na kasa tsaye.

Na ɗaya. Laifinsa, in ji ku, raini ne: Shugaba ya miƙa masa hannu bai karɓa ba, ya gaishe shi bai ɗago kai ba. Ranka ya daɗe, Isuhu ya haura talatin, amma ko mahaifiyarmu bai taɓa kallo ido cikin ido ba. Ba ya son a taɓa jikinsa, in hayaniya ta yi yawa sai ya toshe kunne yana jijjiga. Wata likita a Agadas ta ce mana ba hauka ba ne, ƙwaƙwalwarsa ce ke aiki daban da tamu.

Na biyu. A watan jiya, ina Tamanhint wurin aiki, ƙarti huɗu na gidan nan suka danne shi wai za a cire masa iska. Kwana uku bai sa komai a bakinsa ba. Wa ya tambaye ni? Har yau raina a ɓace yake.

Na uku. Larabawan da suka ga yadda yake shimfiɗa karo, wato tayil, a daɓen gida, layi ɗoɗar, da sunansa suke zuwa nemansa, kuma albarkacinsa ake ɗaukar wasunmu aiki. Ran nan ba mai tuna cewa ba ya gaisuwa!

Kun san Sabha. In aka tsayar da shi a bawaba, shingen nan na bincike, aka daka masa tsawa, ba zai amsa ba. Mai bindiga kuwa ba ya jiran bayani.

Roƙona ku janye wannan hukunci. Ku ba mu ɗakin ƙurya mai ƙarancin hayaniya. Wanda zai gaishe shi ya kira sunansa a hankali, ya ɗan jira, zai amsa. In kuma kun nace, tare za mu fita, amma Shugaba ya zo da kansa ya nuna mana inda Isuhu zai kwana.

Allah ya ƙara muku lafiya da adalci, ya mai da kowa gida lafiya.

Wassalam.
Haruna magini