Tun da Bakin Maigida Ya Buɗe

Litinin, 3 ga Maris

Mun je asibiti. An tura Maigida cikin wata na'ura mai kama da ganga, yana karatu ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsa. Likitar ta nuna mana a allo, nan ja, can shuɗi. Wai a masu in'ina, wurin da ke ba harshe umarni yana makara, sai wani gefen ya yi ta wahala a madadinsa. Akwai ƙwayar da suke gwadawa, ta yiwu ta daidaita abin, ta yiwu ba za ta yi ba. Ta tambaye shi ko ya yarda. Ya maƙale, na ce, "Ya yarda, likita." Ta ce, "Amarya, bar shi ya faɗa." An daɗe kafin ya fitar da "na yarda".

Ni dai in'inarsa ba ta taɓa damuna ba. A littattafan soyayya ma jarumi ba ya yawan magana.

Alhamis, 6 ga Maris

Tun da ya fara shan ƙwayar, barci kawai yake. Na gama littafin da na aro, mai koren bango, na fara wani.

Asabar, 15 ga Maris

Ya kira Mama a waya, abin da bai taɓa yi ba sai ni in riƙe. Gaisuwa ta fita sumul. Ina jin kukanta daga kicin. Yayansa ya karɓa ya ce, "Kai, wa ya ara maka baki? Ka mayar kafin mai shi ya zo."

Talata, 25 ga Maris

Ba ya son madara a shayi. Yau ya faɗa. Labulen falo ma, wai kamar na ɗakin jiran likita. Na ce ai tare muka zaɓa. Ya yi dariya, ya ce, "Uwargida, na buɗe baki, kafin in kai tsakiya kin ce, ya yi kyau ko? Gyaɗa kai ya fi sauƙi."

Labulen nan da kyau.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ashe surutu gare shi. Ƙwallo, batirin jabu, wani mai gemu da ya kawo waya gyara shagonsa tana ɗigar miya yana rantsuwa bai san abin da ya same ta ba. Yana kwaikwayon muryar mutumin. Na yi dariya har na ƙware, sannan na ji wani iri, kamar na yi hira da baƙo a gidan mijina.

Na tambaye shi kallon nan da yakan yi min, shiru, idonsa a kaina, leɓensa na rawa. Akwai irinsa a kusan kowane littafi, kuma na san ma'anarsa. Ya ce, "Kalma nake ƙoƙarin turowa." Wace? Ya yi tunani. "Yawanci dai, miƙo min caja."

Ban karanta komai ba yau.

Laraba, 16 ga Afrilu

Hannunsa na rawa. Ya dawo da wuri, ya ce sukudireba ta zame ta tsaga gilashin wayar wata mata. Ƙusoshin waya kamar ƙwayar yashi suke, ba ya iya ɗauka. Ya zauna yana kallon yatsunsa. Wandonsa ma ya fara matse shi.

Juma'a, 2 ga Mayu

Hoto na biyu. Jan ya matsa inda likitar take so, har tana kiran abokan aikinta su gani. Shi kuwa ya miƙa mata hannu ta kalla. Ya ce, "Likita, da baki ake ciniki, amma da hannu nake gyara." Shi ya yi bayanin duka, ni ina riƙe da jaka. Ta ce kada ya yanke ƙwayar lokaci ɗaya, za a riƙa ragewa, wataƙila nan gaba a gwada wani. In'inar za ta iya dawowa. Ya ce ya sani, tsohuwar abokiya ce.

A mota na ji sanyi a raina. Ban bi ba'asi ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Ta dawo. Ba kamar da ba, amma ta dawo. Hannun ya tsaya.

Da yamma ina kicin ya zo bakin ƙofa. "Ina s-s-so..." Ya maƙale. Ƙarshen magana kala-kala suka taru a bakina: ruwa, wanka, in kira Mama. Na ci gaba da goge faranti ɗaya. Mai babur ya wuce, maƙwabciya ta kira 'yarta, shi yana nan yana fama.

Wai so yake in daina tura littafi ƙarƙashin filo idan ya shigo. Kuma mai koren bangon nan, ya karanta rabi a ɓoye kafin in mayar wa mai shi. A ƙarshe wa jarumar ta aura, direban ko ɗan mai gidan?

Da shekara zan yi ina canka, ba zan kawo wannan ba.

Shinkafar ta kama. Wutar ce ta yi yawa.