Ni Na Biya Kuɗin Wutar, Yaya Ke Shan Albarka

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara kafin bakina ya rigaye ni. Farin ciki ne ya cika min ciki har ya yi yawa, ga kuma wani haushi a ƙarƙashinsa yana cizona, na rasa wanda zan bi a cikinsu. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, sai na faro miki daga tushe za ki gane.

Mu huɗu ne a wurin iyayenmu, ni ce auta. Lokacin da ciwon Baba ya yi tsanani, Allah ya jiƙansa, ya tara mu a falo ya raba mana ɗawainiyar gida yadda Umma ba za ta taɓa roƙon kowa ba. Ya ba Yaya Babba kuɗin wuta, ya ba Yaya Malam kuɗin ruwa, Anti Nas ta ɗauki iskar gas da maganin Umma. Da aka zo kaina ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ni rabona addu'a. A lokacin ban gama makaranta ba, kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Ya kuma kafa doka cewa kada wanda ya sa hannu a rabon wani, don kada a wayi gari ana gori.

To Gwaggo, shekaru sun tafi, na yi aure, auren ya mutu, na dawo gida da 'yata guda, amma rabona bai canza ba. Idan muka yi zaman iyali, kowa yana magana da ƙarfin abin da yake biya. Yaya Babba ya yi bayanin wuta, Yaya Malam ya yi ƙorafin famfon da ke ɗiga, ni kuwa da na buɗe baki sai Anti Nas ta ce in adana muryata saboda addu'ar rufe taro. Wasa take yi, na sani. Amma wasan da aka yi ta yi maka shekara da shekaru yana daina zama wasa. Ni ce ke wanke Umma, ni ke kai ta asibiti, ni ke sanin inda ta ajiye tabaranta, amma a zaman iyali matsayina bai wuce na amin ba.

Na koyi ɗinki, na yi ta tari har na sayi keke mai aiki da wuta da dutsen guga babba, na jera su a tsohon ɗakin ajiya da ke bayan kicin. Allah ya taimake ni wata makaranta da ke bayan layinmu ta ba ni ɗinkin yunifom ɗin ɗalibanta. Wannan keken shi ne kuɗin makarantar 'yata, shi ne sabuluna, shi ne mutuncina.

Matsalar ita ce, Yaya Babba ya daɗe da shiryawa da kamfanin wuta cewa kowane wata za su cire kuɗi daidai wa daida daga asusunsa na banki, sai ƙarshen shekara su duba mita su ga ko an sha fiye da haka. Da can fanka ce da firiji da talabijin ɗin Umma, ba a taɓa samun giɓi ba. Da kekena da dutsen gugata suka shigo, sai ga saƙo a wayar Yaya cewa an sha wuta fiye da abin da aka biya, a cike giɓin ko a yanke. Ya kira zaman gaggawa. Ya ce shi gida Baba ya ba shi ya haskaka, ba masana'anta ba, don haka kafin ƙarshen wata keke ya bar gidan. Na ce zan biya bambancin. Wallahi Gwaggo, har Yaya Malam da ba ya dariya sai da ya dara. Yaya Babba kuwa ya ɗaure fuska ya ce muddin yana numfashi babu mai taɓa rabon da Baba ya ba shi. Aka ce in yi addu'a. Na yi, amma Allah ne kaɗai ya san abin da na roƙa a zuci.

Kuɗin hayar shago ba ni da shi. Idan keke ya fita, aikin makaranta ya tafi, shi ke nan na koma miƙa hannu.

Ana cikin haka makarantar ta biya ni kason farko. Da safe na tsaya gaban mita na kwafi lambar da ke jikinta a tafin hannuna, na ce wa Umma zan je sayen zare. Zaren ma na saya, don kada in yi ƙarya. Daga nan na wuce ofishin kamfanin na shiga layi, kamar wadda ta zo sata, ina tsoron za su ce ba sunana ne a asusun ba su kore ni. Matar da ke zaune a kantar karɓar kuɗi ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce duk mai lamba yana iya biya. Ta tambaye ni ko so nake a ƙara abin da ake cirewa duk wata, ko kuwa biya ɗaya ne na ƙari. Na ce mata ɗaya tak, kada a taɓa tsarin Yaya ko da ƙwayar zarra. Na zuba mata kuɗin giɓin gaba ɗaya, har da ɗan ƙari a kai.

Gwaggo, ban taɓa sanin haka biyan kuɗi yake da daɗi ba! Na fito ina jin kamar na ƙara tsawo. Ni da nake takawa a ƙasa don tattali, ranar tasi na tare, na zauna a baya na harɗe ƙafa. Da na isa gida na kunna keke, na jona dutsen guga, na saki fanka, duk a lokaci guda, na tsaya ina kallon mita tana gudu ina ce mata ta yi ta gudu, an biya.

Abin da ban lissafa ba shi ne saƙon godiya. Da yamma Yaya ya zo gaida Umma, Anti Nas ma tana nan. Wayarsa ta yi ƙara, ya manta tabaransa a shago, sai ya miƙa wa Anti ta karanta masa. Ita kuwa ta karanta da ƙarfi, cewa kamfani yana gode masa da ƙarin kuɗin da ya biya, kuma maganar yanke wuta ta wuce. Umma ta fashe da kuka. Ta ɗaga hannu tana sa masa albarka, tana cewa ta san zuciyarsa ba za ta bari ya tozarta ƙanwarsa ba, faɗan baki ne kawai irin na mahaifinsa. Ina leƙe daga ƙofar kicin. Yaya ya karɓi wayarsa daga hannun Anti. Ya juya ya dubi ɓangaren ɗakin ɗinkina, ya sunkuyar da kai, ya ce amin.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Umma ta kira ni ta ce in durƙusa in gode wa yayana. Na durƙusa, Gwaggo. Na gode masa da kuɗina! Da ƙyar ya iya ce min in tashi. Tun ranar duk wanda ya shigo gidan sai Umma ta ba shi labarin alherin Yaya, maƙwabta sun ji, dangi sun ji ta waya. Rasit ɗin da aka ba ni ma sunansa ne a kai ɓaro-ɓaro, ko na nuna shi, shi zai ƙara wa daraja.

Maganar fitar da keke dai ta mutu, babu wanda ya sake tayar da ita. Na gama yunifom na kai, makaranta ta ƙara min wani aikin. Kwanakin baya Yaya ya shigo ɗakin ɗinkina, abin da bai taɓa yi ba, ya kawo wanduna wai in rage musu tsawo. Na auna, tsawonsu daidai yake. Da ya fita na tarar da kuɗi a ƙarƙashin almakashi, sun ninka ladan aikin.

Na ci nasara, na sani, kuma ina jin daɗinta har cikin ƙashina. Amma duk lokacin da Umma ta fara yabon nan sai haushin nan ya taso min. Zaman iyali na tafe. Zuciyata na ce min idan aka ce in yi addu'a, in miƙe tsaye in faɗi wanda ya biya, in ga fuskar Anti Nas. In faɗa ko in haɗiye? Kuma in giɓin ya sake dawowa baɗi, haka zan ci gaba da biya a ɓoye ina durƙusawa?

Taki,
Autar da rabonta addu'a

*

Auta 'yata,

Barka da arziki! Na karanta wasiƙarki ina dariya ni kaɗai, musamman wurin tasi. Kin ga matsala, kin nemi kuɗinki da guminki, kin je kin toshe ta ba tare da kin rushe tsarin kowa ba. Sana'arki ta tsira, karatun 'yarki ya tsira. Wannan nasara taki ce, ko sunan wa kamfani ya rubuta. Haushin da kike ji ma ba laifi ba ne. Babu wanda zai durƙusa ya yi godiya a kan kuɗinsa bai ji zafi ba.

Amma zo mu dubi yayanki. Shekara nawa kuɗin nan ke fita daga asusunsa duk wata, shiru, ba saƙon da aka karanta a falo, ba wanda ya yi kuka ya sa masa albarka? Ke sau ɗaya kika biya kika ji kin ƙara tsawo. Shi ya daɗe yana biya har kowa ya manta ana biya. Albarkar da Umma ta zuba masa ranar ta zo a kan kuskure, amma ba ta faɗa kan wanda bai cancanta ba. Sannan ki tambayi kanki me ya sa mutumin da bai taɓa gazawa ba ya tashi hankalinsa a kan giɓi ɗaya. Mai yiwuwa kasuwa ce ta yi masa nauyi, kuma babban wa ya fi son a ce masa mai tsauri da a ce ya kasa. Ban wanke shi ba. Hana ki biya da yunƙurin fitar da kekenki kuskure ne, shirun da ya yi a gaban Umma ma kuskure ne. Sai dai ya san gaskiya, kuma tana damunsa. Wandunan da ba su buƙatar ragi, ban haƙuri ne na mutumin da bakinsa ya yi nauyi.

Don haka kada ki tashi bam a zaman iyali. Za ki ga fuskar Anti Nas, gaskiya ne, amma za ki ga ta Umma ma, lokacin da ta gane cewa ɗan da ta yi ta yabo a gaban dangi ya karɓi yabon da ba nasa ba. Daɗin minti biyar ne, gyaransa kuwa sai Allah.

Haɗiyewa ma ban ce ki yi ba, don abin da aka haɗiye da haushi yakan fito a mummunan lokaci. Ki ninke wandunansa ki kai masa shago da kanki, ku biyu kawai. Ki mayar masa da kuɗin da ya wuce ladan aikinki, cikin ladabi. Ki faɗa masa ke kika biya, ba don ki raina rabonsa ba, sai don wutar da sana'arki ta sha ba ta cikin abin da Baba ya ɗora masa. Ki gode masa da shekarun da ya yi yana haskaka gidan, wannan karon godiya ta gaskiya, ba ta dole ba. Sannan ki bar masa ya gaya wa Umma da bakinsa, yadda ya ga dama. Ina kyautata zaton zai yi, kuma daga bakinsa maganar za ta fi miki daraja nesa ba kusa ba.

Maganar baɗi kuwa, biyan ɓoye ya ƙare daga wannan. Ki koma wurin matar nan ta kanta ki tambayi yadda ake sa wa ɗakin sana'a mita tasa daban. Idan hakan bai samu ba, ku yanke wani kaso da za ki riƙa biya a fili, kowa ya sani. Yaya ya riƙe wutar gida, ke ki riƙe wutar ɗinki. Ba ki karya dokar Baba ba, don ya hana taɓa rabon wani ne, bai hana auta ta girma ta samu nata ba. Ya ba ki addu'a ne a lokacin da ita kaɗai kike da ita.

Kuma kada ki yar da rabon naki na farko. A zama mai zuwa ki yi bayanin wutar ɗinki kamar kowa, in Anti Nas ta tsokane ki, ki ce mata ta jira, addu'ar ma tana tafe. Ki yi ta da murya mai ƙarfi, ki sa Baba a ciki.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa wa keken albarka, ya raya miki 'yarki. Ranar da saƙon godiya na farko ya shigo wayarki da sunanki a kai, ki miƙa wa Anti Nas ta karanta wa Umma da ƙarfi.

Gwaggonku