Ɗan Kurege a Kwalin Takalmi

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara miki lafiyar ƙirji musamman, tunda an ce sanyi ya fara shigowa wajenku. Mu nan alhamdu lillahi. Goggo ta samu sauƙin gwiwarta har ta koma yi wa kowa faɗa, kin san ita wannan ce alamar lafiyarta. Ni ma ina nan ina fama da 'yan ajina. Na san za ki yi dariya ki ce Auta ta koma zamanin da, ga waya a hannu tana rubuta takarda. To, maganar ce ba ta waya ba, domin duk sanda na kira ki Baba yana kusa, ya kasa kunne kamar ba ya ji.

Kin san tun tafiyarki Baba ya rage magana. Masu kawo gyaran agogo sun yi ƙaranci, ya kwaso kayan aikinsa daga shago ya jera a teburin nan na bakin taga, nan yake wuni. Kwanakin baya masu gyaran wayar lantarki suka zo suka sare babban reshen bishiyar ƙofar gida. Bayan sun tafi, Baba ya fita duba ɓarnar da aka yi, sai ya tsinci ɗan kurege cikin ganye, ɗan mitsitsi, idonsa bai gama buɗewa ba, jikinsa ya yi sanyi ƙalau. Ya ajiye shi a gindin bishiyar ya koma gefe yana jiran uwar, har rana ta karkata ba ta zo ba. Na dawo daga makaranta na tarar an juye takalmana na fita unguwa a ƙasa, an shimfiɗa tsohuwar safar Baba cikin kwalin, baƙo yana kwance a ciki. Duk wayon da ake ba kurege a tatsuniya, wannan dai ko hanyar bakinsa bai sani ba.

Sai Baba ya ɗumama madara, ya kwantar da shi rigingine a tafin hannunsa, yana ɗiga masa da ƙaramin cokali yana yi masa 'yar waƙa. Na tsaya ina dariya, ya ce in yi dariyata, haka ya shayar da mu ni da ke lokacin da marigayiya Umma take fama da jinya, ga mu nan mun yi girman da za mu raina shi. Yaya, na daɗe ban ga fuskarsa ta sake haka ba.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Madara ta fara fito wa ɗan kuregen ta hanci, ya daina karɓar abinci, haƙarƙarinsa na ɗagawa yana faɗawa da sauri, wani lokaci har ya buɗe baki yana neman iska. Baba ya ɗauke shi ya kara a kunne yadda yake yi wa agogo, ya rufe ido, ya ce akwai wani ƙas-ƙas a ciki wanda ba bugun zuciya ba ne. Muka rungumi kwali muka shiga mota zuwa wajen likitar dabbobi, mutane na leƙe suna tambaya ko kaza ce. Likitar yarinya ce mai ladabi. Ta ce madarar shanu ba ta karɓar cikinsu, amma babbar matsalar ita ce kwanciyar rigingine, domin ita ta sa madarar ta bi ta huhu har ta zama ciwo. Ta ba mu magani da irin madarar da ta dace da sirinji marar allura, ta nuna mana yadda za a riƙe shi a tsaye, a tabbata jikinsa ya yi ɗumi tukuna, a ba shi ɗigo-ɗigo. Ba ta yi mana alkawarin zai tashi ba.

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Baba ya ce garin neman gira ya kusa rasa ido. Na ce ai ba da gangan ba ne. Sai ya juyo ya tambaye ni, ko dai haka ya yi miki ke ma, ko shi ne ya zuba miki madara a huhu tun kina jaririya, shi ya sa kika tashi da ciwon asma. Na rantse masa ba haka ba ne, har na je wajen likitar asibitin unguwa na tambaya, ta ce asma ba ta nan take zuwa ba. Na kawo masa wannan magana ya gyaɗa kai kawai. Ni ai kin sani, ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Maganata ba ta kai inda abin yake ci masa rai ba.

Tun daga ranar ya ture agogunan mutane gefe. Hannun nan nasa da ya saba da ƙananan ƙusoshi shi ke danna sirinji a hankali, ya saka gilashinsa na ido ɗaya yana duba hancin ko madara ta leƙo. Ya naɗe gorar ruwan ɗumi da tawul ya sa a gefen kwalin. Da likitar dabbobin ta ce tururi zai taimaka, ba sai da aka koya masa ba. Na tarar da shi a banɗaki a kan 'yar kujerar nan, ga baho na ruwan zafi a gabansa, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, kwali a kan cinyarsa. Kin tuna wa ake yi wa haka? Ta bayan ƙofa na ji yana lallashinsa, yana cewa Mai Fito ta yi haƙuri ta ja numfashi a hankali. Sunan da yake kiran ki da shi ke nan saboda kukan ƙirjinki, kuma bai ma san ya faɗa ba. Na koma kicin na yi kukana, domin ni ma kewarki ta ishe ni.

Yanzu dai alhamdu lillahi, ƙas-ƙas ɗin ya ragu ƙwarai, jela ta fara yin gashi. Shekaranjiya ya gantsara wa Baba cizo a yatsa, Baba ya bi gida yana nuna wa kowa kamar an ba shi kyauta. Goggo ta ce wannan jikan nasa ba shi da tarbiyya. Likitar ta ce da sauran rina a kaba, sai an gama magani, kuma idan ya yi ƙwari dole a sake shi ya koma bishiya. Na zaci Baba zai yi gardama, sai ya ce ya sani, ai duk wanda ya yi jinya har ƙirjinsa ya washe, tafiya yake yi. Ba da fushi ya faɗa ba, yana gyara safar cikin kwalin ne.

Ga abin da ya sa na rubuto. Saƙonnin murya da kike turowa da, Baba yakan kara wayar a kunnensa mai kyau, ya rufe ido, ya maimaita sau da yawa. In na tambaye shi me kika ce, sai ya ce bai lura ba, shi dai ya ji ƙirjin a sake yake. Yanzu da aiki ya yi miki yawa kika koma rubutu, ya sa a ransa ciwon ne ya tashi kike ɓoye masa. Don Allah ki kira shi, ki faɗa masa da bakinki cewa ba shi ya jawo miki ba. In kuma Allah Ya hore miki hutu, zumunta a ƙafa take, ki zo kafin a buɗe kwalin nan. Ba na so ya tsaya a gindin bishiyar nan yana kallon sama daga shi sai ni.

Ki gaishe min da maigidanki da kyau, da takwarar Umma, da ɗan autanki sarkin ɓarna. Goggo da Kawu suna gaishe ku, Baba ma na san da ya san ina rubutu da ya cika takardar da addu'a. Idan kin kira, kada ki yi ta zuba kamar yadda kika saba. Ki yi magana a hankali, ki riƙa ɗan tsayawa kina numfashi, domin wurin yake saurara.

Taki har kullum,
Auta