Rumaisa'u da Kamaluddeen a Cikin Gilashi

Juma'a, 3 ga Oktoba 2025
Maigidana Nazifi ya dawo daga Yamai da akwatin gilashi da kifi biyu, jajaye, goshinsu da ƙululu. Wai ba a samun irinsu a kogi, mutane ne suka haɗa jinsi da jinsi har suka fito. Na sa wa babban Kamaluddeen, ƙaramar Rumaisa'u. Duk garin Dutsi ban ga matar da aka kawo wa irin wannan ba.

Litinin, 6 ga Oktoba
Inna Shatu, gwaggonsa, ta leƙo ta ce, "Wanga ko miya ɗaya bai isa." Miya! Darajar girmanta ta ci.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Yau na gani da idona. Sun haɗa baki, sun riƙe juna, suna juyawa a hankali cikin ruwa. Na ajiye littafin da nake karantawa, don abin da ke gabana ya fi na takarda. Da Maigida ya shigo na nuna masa. Dariya ya yi. Wai faɗa ne, a raba su. Mutumin da bai taɓa kai littafin soyayya ƙarshe ba shi zai gaya mini faɗa!

Asabar, 11 ga Oktoba
Ya sake maganar. Na ce muddin ina gidan nan ba mai shiga tsakanin masoya. Ya ce, "To Madam, kifinki ne." Wannan "Madam" ɗin ya fi zagi ciwo.

Talata, 14 ga Oktoba
Rumaisa'u ta ɓuya bayan dutse, ba ta ci ba. Kunya ce. Amare haka suke.

Laraba, 15 ga Oktoba
Bayana Nazifi ya zagaya ya aika wa Shu'aibu mai sayar da kifin bidiyo. Ya kunna mini amsar a gaban Inna Shatu, don dai a ji daɗin kallona. Wai duka biyu maza ne. Wai irin waɗannan ruwa-biyun ƙululu ba ya nuna mace ko namiji, shi ma sai ya kifar da su ya duba ciki, kuma ranar bai duba ba. Bai duba ba! Ya sayar, sannan ni ce abin dariya. Inna har da tafa hannu: "Ashe amaryar ƙato ce!" Na shige ɗaki. Shu'aibu bai san komai ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Leɓen Rumaisa'u ya tsage. Wutsiya kamar tsumma. Na iske ta kwance a gefe ɗaya, babban yana ta kai mata sara. Na tsame ta da matacin koko na sa a roba. Kwana takwas ina zaune ina kallo ina murmushi.

Asabar, 18 ga Oktoba
Ba ta ci ba.

Litinin, 20 ga Oktoba
Na auna akwatin da zare, na kai wa mai yankan gilashi na bakin tasha da kaina. Na ce na taga ne. Na raba akwatin biyu da gilashin da ya yanko, yanzu kowa da ɓangarensa. Da la'asar Rumaisa'u ya ci ƙwayar abinci uku, na ƙirga. Sunan dai ba zan canza ba, ya riga ya saba.
Nazifi ya tsaya ya daɗe yana duban gilashin tsakiya. Da dare mun zauna cin zabuwa. Na dai tura masa cinyar zabuwar gabansa.