Jirginka Na Nan Apo, Baba, Ba Inda Za Shi

Assalamu alaikum Baba,

Ni ne Ɗanladi naka, sarkin masu walda na Apo gaba ɗaya, duk wanda ya musa ya zo mu gwada. Na san wasiƙar nan ba karantawa za ka yi ba. To ai ko kana raye ma rubutuna sai ka ce tonon kaji ne, saboda haka ba asara.

Gida lafiya. Inna na fama da gwiwa, amma bakin nan nata garau yake.

Maganar jirginka ce ta kawo ni. Ɗan jirgin ƙasan nan da ka ƙera a bayan shagona lokacin da ka bar aikin reluwe, taragu na gwangwanin madara, layin dogo na wayar keke, kan tsohon ƙyaure. Har yanzu ɗan injin waifa ɗin nan na goge gilashin mota da muka ciro shi ke jan shi. Na ƙara mai gada, Baba. Gada! In ka gan ta sai ka cire hula.

To Yaya Sabo ya taso daga Abaji wai jirgin na ɗansa ne. Wai kakanmu ya koya maka ƙira, kai ka koya mana, abu daga namiji sai namiji, ni kuma mata Allah ya ba ni. Baba, ɗan nasa ya taɓa riƙe filaya? Wa ke zama gefenka duk Asabar tana miƙa maka waya? Ba Jummai 'yata ba? Wa ka koya wa ɗaga koren ƙyalle kafin jirgi ya tashi? Yarinyar nan yanzu da kunne take gane in taya ta kusa sauka layi. Ni kaina, duk da iya aikina, sai ta gaya min.

Ya ce zai zo da akori-kura ranar Lahadi a kwance komai. Ka san kwanar nan ta bayan dutse, wadda ka ɗan karkata ta da hannunka, in aka ɓalle ta ba mai mayar da ita. Shi ke nan sai jirgi ya zama gwangwani.

Sai na ɗauko injina na walda. Na yi wa ƙyauren da jirgin ke kai ƙafafu na ƙarfe, na like su da ginshiƙin shago, walda irin wadda ake wa tirela. Ya zo da ƙarti daga Zuba, suka ja, suka ja, har wandon ɗaya ya yage. Shago ya girgiza, jirgi ko gezau.

Yanzu Yaya ba ya amsa sallamata. Abin na damuna, ba zan ɓoye maka ba, cikinmu ɗaya. Amma ban kwance ba kuma ba zan kwance ba. Na aika mai cewa ƙofa a buɗe take, ɗansa ya zo ya koya, Jummai ce malamar.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba don bakina ya fi ƙarfin yabon wani. Duk cika bakin nan da nake yi a gareji, kai ne oga. Ni yaron shagonka ne kawai.

In ka yi fushi da abin da na yi, ka ajiye shi sai na iso mu yi ta. Amma ka sani ko a can ba zan ba da haƙuri ba.

Allah ya kai haske kabarinka, ya sa ka huta.

Ɗanka mai taurin kai,
Ɗanladi Mai Walda