Sai an yi shekara biyar kafin a taɓa na'ura

Hajiya Zuhura, don Allah ki agaza mini da shawara tun kafin in aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa. Kwana da kwanaki ke nan tuwo ba ya yi mini daɗi, kuma ba ni da wanda zan buɗe wa cikina, domin a ƙauyenmu in ka yi tari da safe, kafin azahar an ji shi a bakin rijiya.

Ni ne direktan wata lakwal, wato makarantar boko, a karkarar Hawandawaki, can cikin yashi inda mota ke zuwa sai ta yi niyya. Aji shida gare mu, biyu na siminti, sauran na zana. Bara wata ƙungiyar agaji ta ba mu ordinatar guda ɗaya, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa kwamfuta, tare da faifan hasken rana da batir. A amalanken jaki ta ƙaraso, don motar da ta ɗauko ta ta kafe a hanya. Ranar da aka buɗe ta har wani babban soja ya zo daga Tasawa, tunda yanzu su ne masu ƙasa, ya yaye ƙyallen da ke kanta aka yi tafi. Na lura da abu guda a ranar: shi kansa, da bindigarsa a ƙugu, leƙa ta kawai ya yi, bai sa mata hannu ba. Na ce a raina wannan mutum ya san darajar abu.

Sai mai duba makarantu na yankinmu ya ce duk lakwal ɗin da ta samu na'ura ta rubuto tsarin koyar da ita, tun daga CI, ajin farko, har CM2, ajin fita. Hajiya, ban yi wasa da wannan aiki ba. Ni ɗan maƙera ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa miƙa wa yaro guduma don ya yi kuka ba. Ka fara da ɗauko gawayi da sharar maƙera, ka yi shekaru kana zuga har kafaɗarka ta san kanta, sannan a ba ka awartaki ka riƙe wa manya ƙarfe. Sai gemu ya fara tsiro maka za a bari ka doki wani abu. Haka aka koya mini, kuma ban ga wanda ya mutu ba.

A kan wannan na gina tsarina. Ƴan CI su san dai akwai ta: sau ɗaya a wata a jera su su wuce ta ƙofar ofishina su leƙa, a kuma koya musu wanke hannu. Ƴan CP su zana ta a allunansu. A CE1 a haddace sunayen sassanta da Faransanci, har waƙa na tsara musu, kuma in kika ji su suna rera ta sai kin yi ƙwalla. A CE2 kowane yaro ya samu kwali, a zana masa maɓallan rubutu a kai, ya riƙa dannawa da yatsu har su saba. Kwalin sabulu ya fi, na sukari tururuwa ke bi. Ƴan CM1 su tsaya bayana, hannuwa a baya, su ga yadda nake kunna ta da yadda nake kashe ta. Yaron da ya yi haƙuri ya kai CM2, a zango na uku, shi ne zai zauna a kujera ya taɓa. Ko a soja ai sai ka yi kurtu kafin a sara maka.

Gaskiya bara ƴan CM2 ba su samu taɓawa ba. Zango na uku ya zo da yajin aikin malamai, da muka dawo kuma jarrabawar fita ta matso, ba lokacin wasa. Amma wannan ba laifin tsari ba ne. Na'urar tana nan lafiya lau cikin zanen da na lulluɓe ta da shi, ko ƙwarzane babu.

Mai duba makarantu da ya karanta tsarin har tashi ya yi ya ba ni hannu. Ya ce bai taɓa ganin tsari mai hangen nesa irin wannan ba, domin shekara biyar daga cikin shida ba sa buƙatar na'ura ko kaɗan, don haka duk makarantun Tasawa da Mayahi za su iya amfani da shi, har waɗanda ba su da ko ƙofa. Ya ce in zo taron malamai na wata mai zuwa in gabatar da shi da bakina. Ban ɓoye miki ba, na ji daɗi. Shekara da shekaru ina cikin yashin nan ba wanda ya san sunana.

To ga inda gizo ke saƙar. Akwai wata malama a wurina, Madam Ladi, ƴar kwantiragi, ita ke riƙe da CE1. Yarinya ce mai ƙoƙari, ba ta latti, ba ta dukan yara sai ta kama. Makon jiya na tafi Tasawa wani taro, na bar mata makullin ofis saboda alli da rajista. Taron ya watse da wuri, na hau kabu-kabu na dawo. Tun daga nesa na ga azuzuwa wayam, ga hayaniya daga ofishina kamar ana rabon hatsi. Ina shiga na tarar da lakwal gaba ɗaya a ciki da bakin taga. An yaye zanen. Wata ƴar CI da ko majina ba ta iya sharewa ba tana zaune a kujerata, ta ɗora yatsa a kan maɓalli ɗaya ta ƙi ɗagawa, harafi guda ya cika fuskar na'urar tun daga sama har ƙasa, yara suna ta ihu. Ƴan CM2, waɗanda na tanadar wa wannan daraja, su ne ma ke ɗaga ƙanana suna ɗora su a kujera.

Da na kira Madam Ladi gefe, ba ta ko musa ba. Ta ce ita ma ba wani iyawa ta yi ba, tare da yaran suka yi ta lalube. Ta ce in dubi gonaki: geron bana bai kai gwiwa ba ya bushe, rumbuna ba kowa, kuma kusan rabin ajinta sun gaya mata iyayensu na ɗaure kaya, wasu Katsina, wasu Kano, wasu inda Allah ya nufa. Wai yaran da ke rera waƙar sassan na'ura ba za su ga CE2 ba, balle CM2, shi ya sa ta ga gara su taɓa abin da suke yi wa waƙa. Na ce mata tsari tsari ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne washegari Malam Na Allah, shugaban iyayen yara, ya zo har gida da goro yana yi mini godiya. Wai jikarsa ta rubuta sunanta a cikin gilashin na'urar, tsohuwarsa ma tana so a kawo ta ta gani. Ni da aka yi wa laifi, ni ne na zauna ina cewa ba komai, aikinmu ne. Yaran da suka daina zuwa tun da aka rage abincin rana, ga su sun dawo suna tambaya ko yau za a buɗe.

Ki fahimce ni, Hajiya. Horon da aka ba mu kan na'urar nan gajere ne, rabinsa jawabai, rabinsa shinkafa. In wani yaro ya danna abin da ya lalata ta, mai gyara sai Maraɗi, kuma sunana ne a takardar karɓa. Ban da haka, in ƙaramar malama za ta buɗe abin da direkta ya rufe, gobe me zai hana ta canja ranar hutu? Na riga na rubuta rahoto a kanta, yana cikin aljihun tebur. Na san in ya isa Tasawa ba za a sabunta mata kwantiragi ba, kuma na san ita ke ciyar da mahaifiyarta a wannan shekara da kowa ke neman abin kai wa baki. In na aika, ban san yadda zan dubi fuskarta ba. In ban aika ba, da wane ido zan tsaya gaban malaman yanki biyu in gabatar da tsarin da aka karya a ofishina? In aika ko kada in aika?

Naki,
Direkta mai ciwon kai, daga karkarar Hawandawaki

*

Malam Direkta, na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko ina dariya, na biyu ban yi ba. Ka ciro rahoton nan daga aljihun tebur ka yaga shi yau. Ba a raba mace da abincinta a shekarar fari don ta nuna wa yara abin da aka kawo domin su. Wannan ke nan, sai mu koma kan sauran.

Kana da gaskiya a wurare da dama, kuma ba zan hana ka ita ba. Amanar makulli amana ce. An ba Madam Ladi don alli, ta buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba, ta kuma tara yara fiye da ɗari a kan na'ura ɗaya. Da waya ta tsinke ko batir ya faɗo wa wani a ƙafa, kai za a tambaya. Ka kira ta ofis ku biyu, ka faɗa mata wannan a fili, ta ba ka haƙuri, magana ta mutu a nan. Haka kuma tunaninka na cewa kowane aji ya ɗora a kan na baya, shi ne ainihin tsarin koyarwa. Ni ma na riƙe alli kafin in riƙe wannan fili, na san ɓarnar da malami mara tsari ke yi.

Inda ka kauce shi ne wajen auna yaranka da kanka. Mahaifinka ya iya sa ka jira shekaru domin ya san a gidansa za ka kwana, a gidansa za ka tashi, maƙerar kuma ba inda za ta. Kai ba ka da wannan tabbaci a kan ko yaro ɗaya. Ka tsara tafiyar shekara shida ga yaran da damina ɗaya ke iya kwashewa, ka kuma ajiye daɗin duka a ƙarshe. Yabon mai duba makarantu ma da za ka sake saurarensa a natse, da ka ji abin da ya faɗa: ya yaba tsarin koyar da na'ura ne saboda babu na'ura a cikinsa.

Ga abin da nake gani. Ka bar azuzuwanka shida yadda ka jera su, amma kowane aji ya taɓa, kuma kowace shekara ta zama abu cikakke, wanda in yaro ya tafi daga nan ya tafi da wani abu a hannu. Ƴan CI da CP su nemo haruffan sunansu su gan su sun fito. Ƴan CE su rubuta jimla, su goge, su gyara, su koyi ajiye ta su sake samo ta gobe. Ƴan CM su yi lissafi da ita, su rubuta wasiƙa, sannan su zama masu kula da ƙanana, tunda ka gani da idonka sun iya ɗaga su. A shiga kaɗan kaɗan, da hantsi lokacin da rana ke cika batir. Kwalayenka kada ka zubar, masu jiran layi su riƙa motsa yatsu a kai. Wanke hannun nan ma ka riƙe shi, ya fi komai a tsohon tsarin.

Akwai abin da ka faɗa a tsakiyar shinkafa da jawabai, ka wuce da sauri. Kunnawa da kashewa kaɗai ka ambata a duk wasiƙarka. Ba abin kunya ba ne, haka aka horar da ku. In an tashi yara, ku zauna kai da Madam Ladi ku yi ta lalube tare. Na'urar nan ta fi yadda kake zato jure dannawa, kuma batirin da ba a aiki da shi ma mutuwa yake yi.

Taron wata mai zuwa kuwa ka je, da sabon tsari, sunanka a sama, nata a ƙasa. Ka gaya musu ka gwada na farko ka ga inda ya gaza. Direktan da ya gyara tsarinsa da kansa ba ya zubar da girma a gaban malamai, su ma duk sun san yadda azuzuwansu ke raguwa bana.

Amma kada ka jira taron kafin ka fara. Gobe da safe ka bi aji aji ka tambayi waɗanda gidansu ke ɗaure kaya, ka sa su a gaban layi, ƙarami ko babba. In Allah ya dawo da su baɗi, sai ku ɗora daga inda kuka tsaya. In bai dawo da su ba, ka dai san ba su bar rabonsu a kulle cikin ofishinka ba.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya tsare masu tafiya, ya ba mu damina mai albarka. Ka gaishe mini da Madam Ladi.

Hajiya Zuhura